Gani ya kori ji? Yadda tsammani da tsoro ke sauya abin da ido ke gani

A ƙarshen watan Fabrairun 2015, hoton wata riga da aka ɗauka da waya a wani kanti a Ingila ya raba kan miliyoyin mutane a shafukan sada zumunta. Wasu sun rantse rigar fara ce mai ratsin ruwan gwal. Wasu kuma sun dage cewa shuɗiya ce mai ratsin baƙi. Mata da miji sai su kalli waya ɗaya a lokaci ɗaya, kowa yana mamakin yadda ɗan'uwansa ya kasa ganin abin da ke fili ƙarara.

Kamfanin Roman Originals da ya ɗinka rigar ya fito ya ce shuɗiya ce da baƙi. Hakan bai sa masu ganin fari sun daina ganinsa ba, kuma babu ɓangaren da ya yi ƙarya ko yake da ciwon ido.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, shi ya sa da zarar mutum ya ce "da idona na gani", sai musu ya ƙare. Sai dai binciken masana na shekaru da dama ya nuna cewa abin da mutum ke gani, da abin da yake ji a kunne ko a jiki, yana tafiya ne da abin da yake tsammani, da halin da zuciyarsa ke ciki, da kuma yanayin wurin. A kan launin riga abin na raha ne. Amma a asibiti, ko a kotu, ko a tsakiyar fusataccen taro, yana iya kaiwa ga rasa rai.

Ido na kawo saƙo, ƙwaƙwalwa na fassara

Cikin waɗanda suka fara bayanin wannan al'amari akwai malamin nan Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya kuma rubuta littafinsa Kitabul Manazir a birnin Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Ya nuna cewa haske ne ke shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske. Ya ƙara da cewa abin da ido ke kamawa kai tsaye haske ne da launi kawai. Nisan abu, da girmansa, da gane ko mene ne, hankali ne ke ƙiyasta su ta hanyar kwatantawa da abin da mutum ya saba gani, cikin saurin da mutum ba ya ma lura. Ya ware sashe guda na littafin a kan kurakuran gani. Bayan fiye da shekara 800, Bajamushen masani Hermann von Helmholtz ya zo da bayani makamancin wannan.

Ilimin zamani ya gaskata su. Wurin da ido ke gani tangaran bai fi faɗin farcen babban yatsa ba idan mutum ya miƙa hannunsa. Saura duk dishi-dishi ne, shi ya sa ido ke tsalle daga nan zuwa can kamar sau uku a daƙiƙa ɗaya, ƙwaƙwalwa tana harhaɗa guntayen.

A kowane ido kuma akwai wani gurbi da ba ya gani sam, wato inda jijiyar gani ta fita zuwa ƙwaƙwalwa. Mai karatu zai iya gwadawa: ya ɗiga ɗigo biyu a farar takarda, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu, ya rufe idon hagu, ya zuba wa ɗigon hagu idon dama, sannan ya riƙa matso da takardar a hankali. Zai kai wani wuri da ɗigon dama zai ɓace, farar takarda ta maye gurbinsa. Ƙwaƙwalwa ce ta cike giɓin da abin da take ganin ya dace.

Haka batun rigar yake. Farar shadda fara ce a idon mutum da tsakar rana, fara ce a inuwa, fara ce a hasken fitila, duk da cewa hasken da ke fitowa daga jikinta ya bambanta sosai. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙiyasta launin hasken wurin ta cire shi. Hoton rigar bai nuna irin hasken da aka ɗauke shi a ciki ba, sai kowace ƙwaƙwalwa ta yi nata ƙiyasin. Pascal Wallisch na Jami'ar New York ya tambayi mutum kusan 13,000, ya kuma wallafa a 2017 cewa waɗanda suka ɗauka rigar na cikin inuwa sun fi ganin fari da gwal, waɗanda suka ɗauka hasken lantarki ne a kanta kuma sun fi ganin shuɗi da baƙi.

Abin da ake jira, shi ake gani

Duk mai riƙe waya ya san wannan: ya ji ta yi girgiza a aljihu, ya ciro, ya ga babu kira babu saƙo. Wani bincike da aka yi kan ɗalibai 290 a wata jami'a a jihar Indiana ta Amurka a 2012 ya gano kashi 89 cikin 100 sun taɓa jin haka. Motsin tufafi ne ko na tsokar cinya, amma ƙwaƙwalwar da ke jiran saƙo sai ta fassara shi da kira.

Wani wurin da tsammani ke da ƙarfi shi ne duban jinjirin wata. A daren farko wata siririn zare ne, yana ƙasa-ƙasa a yamma, cikin sauran hasken faɗuwar rana, kuma ba ya daɗewa yake faɗuwa. Ga hazo ko gajimare, ga zumuɗin azumi ko Sallah.

Wasu masana taurari biyu na Amurka, LeRoy Doggett da Bradley Schaefer, sun shirya duban wata har sau biyar, inda mutum fiye da 2,000 suka shiga. A sakamakon da suka wallafa a 1994, sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na masu duba kan ce sun ga wata a lokacin da ba zai yiwu a gan shi ba. Waɗannan mutane ba su da wata riba a yin ƙarya. Siririn gajimare, ko farin hayaƙin jirgin sama, ko tauraruwar Zara da Hausawa ke wa kirari da matar wata, duk suna iya zama jinjirin wata a idon mai jiransa.

Wannan na nuna hikimar tantancewa. A mazhabar Malikiyya, ganin wata na tabbata ne da shaidar adalai biyu ko ta jama'a mai yawa. A Najeriya kuma rahotanni kan bi ta hannun sarakuna da kwamitin ganin wata kafin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Idan aka tambayi mai shaida ƙarfe nawa ya gani, ta wane ɓangare, ina kuma ƙahonnin watan suka fuskanta, bai kamata ya ɗauka ana ƙaryata shi ba.

Ido a buɗe, amma bai gani ba

Kamar yadda tsammani ke ƙara abin da babu, haka yake ɓoye abin da ke akwai. A 1999, Daniel Simons da Christopher Chabris na Jami'ar Harvard sun nuna wa mutane wani gajeren bidiyo na matasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, suka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallon. Ana cikin haka sai wata mata sanye da kayan gwaggon biri ta ratsa ta tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba. Da aka sake nuna musu, wasu sun ce ai sauya bidiyon aka yi.

Ƙwarewa ma ba ta hana wannan. A 2013 wasu masu bincike a birnin Boston sun ba likitoci 24, ƙwararru a karatun hoton cikin jiki, hotunan huhu domin su nemo ƙullutun ciwon daji. A ɗaya daga cikin hotunan an saka surar gwaggon biri da ta ninka girman ƙullutun sau 48. Likitoci 20 ba su lura da ita ba, kuma na'urar da ke bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun kalli wurin kai tsaye.

Don haka direban da ya buge mai babur ya ce "wallahi ban gan shi ba" yana iya kasancewa gaskiya ya faɗa. Mota yake dubawa a mararraba, ko kuma hankalinsa na kan wayar da ke kunnensa. Gaskiyar tasa ba ta wanke shi daga laifi, amma tana nuna dalilin da ya sa waya a lokacin tuƙi ke da haɗari ko da idon direba na kan titi.

Ciwo da magani

A 1995 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta ba da labarin wani magini ɗan shekara 29 da ya diro a kan ƙusa mai tsawon santimita 15, ta huda takalminsa ta ɓullo ta sama. An kai shi asibiti cikin azaba, ko taɓa ƙusar aka yi sai ya yi ihu, har sai da aka yi masa allurai masu ƙarfi. Da aka cire takalmin, sai aka ga ƙusar ta bi ta tsakanin yatsunsa, ko ƙwarzane bai yi ba. Azabar da ya sha ta gaske ce, ƙwaƙwalwarsa ce ta haifar da ita daga abin da idonsa ya gani.

Akasin haka ma na faruwa. Henry Beecher, likitan sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ruwaito cewa kusan kashi uku cikin huɗu na sojojin da suka ji munanan raunuka da ya tambaya a Italiya ba su nemi maganin kashe zafi ba. A fahimtarsa, raunin a wurinsu na nufin sun tsira da rai sun bar fagen daga.

Hatta kuɗin magani na taɓa yadda ake jin aikinsa. A wani gwaji da aka wallafa a 2008, an ba mutum 82 ƙwayar da babu magani a cikinta, aka ce musu sabon maganin kashe zafi ne. An gaya wa rabinsu kuɗinta dala biyu da rabi, sauran kuma aka ce an karya farashin zuwa santi 10. Da aka gwada su da ɗan jan lantarki a wuyan hannu, kashi 85 na rukunin farko sun ce zafin ya ragu, a rukuni na biyu kuwa kashi 61. Wannan na iya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa wasu ba sa yarda an yi musu magani sai an yi allura ko ƙarin ruwa.

Amma jin sauƙi daban, warkewa daban. A wani bincike na 2011 kan masu cutar asma, waɗanda aka ba abin shaƙa na bogi sun ce sun ji sauƙi kusan daidai da lokacin da aka ba su na gaske. Da aka auna numfashinsu, maganin gaske ya inganta aikin huhu da kashi 20, na bogin kuwa kashi 7, daidai da wanda ba a ba komai ba. A ƙasar da jabun magunguna ke yawo a kasuwa, "na sha na ji daɗinsa" ba ya isa hujja. Gwajin jini ne ke nuna ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fita.

So hana ganin laifi

A watan Nuwamban 1951 jami'o'in Princeton da Dartmouth na Amurka sun yi wani wasan ƙwallon zari-ruga mai zafi, inda aka karya wa wani hanci, wani kuma ƙafa. Daga baya masana biyu, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka nuna wa ɗaliban makarantun fim ɗin wasan, suka ce su ƙirga ƙeta. Ɗaliban Princeton sun ƙirga wa 'yan wasan Dartmouth laifuka fiye da ninki biyu na abin da ɗaliban Dartmouth suka gani a ƙungiyarsu, alhali fim ɗaya suka kalla.

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san haka. Ana maimaita faɗuwar ɗan wasa sau biyar a hankali, magoya bayan Arsenal na cewa fenareti ce ƙiri-ƙiri, na Manchester United na cewa da gangan ya faɗi.

Alƙalan wasa ma ba su tsira ba. A wani bincike na 2002 a Ingila, an nuna wa alƙalai 40 bidiyon wasan Liverpool da Leicester City, wasu da ihun 'yan kallo, wasu babu sauti. Masu jin ihun sun busa wa masu masaukin baƙi laifi ƙasa da na sauran da kusan kashi 15 cikin 100.

Irin haka ke faruwa da bidiyon siyasa ko na rikicin ƙabilanci da ake turawa a WhatsApp. Rubutun da aka ɗora a saman bidiyon ya riga ya gaya wa mai kallo abin da zai gani tun kafin ya danna.

Idan tsoro ya shiga

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan hali na da amfani, domin gara a guje wa tsumma sau goma da a taka maciji sau ɗaya. Matsalar na zuwa ne idan abin da aka ɗauka maciji mutum ne.

A daren 4 ga Fabrairun 1999, wasu 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tunkari Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini mai shekara 23 da ke talla a bakin titi, a ƙofar gidansa da ke unguwar Bronx a New York. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat. Suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi. Sun shaida wa kotu cewa sun ɗauka bindiga ce, aka kuma sallame su a shekarar 2000.

Bayan wannan kisa, masani Keith Payne ya yi wani gwaji a 2001. Ana walƙa wa mutum hoton fuska, sannan hoton bindiga ko na kayan aikin hannu, a ce ya faɗi wanne ne cikin rabin daƙiƙa. Idan fuskar baƙar fata ce ta gabata, mutane sun fi kiran kayan aikin da bindiga.

A ƙarshen watan Maris na 2025, an kashe mafarauta 16 a garin Uromi na jihar Edo, suna hanyar komawa Kano daga jihar Ribas domin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu an kira su masu garkuwa da mutane. Bindigar da a ƙauyensu kowa ya san ta farauta ce, a garin da ke cikin fargabar satar mutane, a hannun baƙi, an yi mata wata fassarar. Wannan ba uzuri ba ne ga masu kisan. Yana dai nuna dalilin da ya sa doka ta hana taron jama'a yanke hukunci.

Haka jita-jitar satar mazakuta take, wadda ta sha ɓulla a Legas, da Accra, da Khartoum, ta kuma sake tashi a Abuja a 2023. Mutum ya ji labari ya cika gari, sai baƙo ya gaisa da shi ko ya goge shi a tasha, gabansa ya faɗi. Tsananin tsoro, kamar sanyi, na sa jijiyoyin jini su tsuke, al'aura ta ƙanƙance. Da ya taɓa ya ji ba yadda ya saba ba, sai ya kurma ihu, jama'a su rufar wa baƙon. A Singafo a 1967, ɗaruruwan maza sun cika asibitoci da irin wannan fargaba bayan wata jita-jita kan nama, abin kuma ya lafa bayan likitoci sun fito sun yi wa jama'a bayani.

Shaidar da ta rantse da gaskiyarta

A 1984 wani mutum ya fasa ɗakin Jennifer Thompson, ɗaliba mai shekara 22 a jihar North Carolina ta Amurka, ya yi mata fyaɗe. Ta ce ta nutsu ta kalli fuskarsa domin ta gane shi daga baya. Ta zaɓi Ronald Cotton a cikin hotuna, ta sake nuna shi a jerin mutane, ta kuma tabbatar a kotu. Ko da aka kawo mata ainihin mai laifin, Bobby Poole, a zaman kotu na biyu, cewa ta yi ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 gwajin DNA ya wanke Cotton, bayan ya shafe fiye da shekara goma a kurkuku. Daga baya su biyun sun haɗa kai suna kiran a gyara yadda 'yan sanda ke sa shaidu nuna wanda ake zargi.

Ƙungiyar Innocence Project ta ce a cikin mutum 375 da gwajin DNA ya wanke a Amurka daga 1989 zuwa 2020, kashi 69 cikin 100 an ɗaure su ne da gudummawar shaidar da ta yi kuskuren gane fuska.

Hatta kalmar da aka yi tambaya da ita na sauya abin da shaida ke tunawa. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin hatsarin mota. Waɗanda aka tambaya da kalma mai nufin motocin sun ragargaji juna sun ƙiyasta gudun kusan kilomita 65 a awa, waɗanda aka ce wa motocin sun bugi juna kuma kusan 55. A gwaji na biyu, bayan mako guda, mutum 16 cikin 50 na rukunin farko sun ce sun ga fasasshen gilashi, a ɗaya rukunin mutum 7. Babu fasasshen gilashi a fim ɗin.

Abin da za a iya yi

Duk wannan ba ya nufin ido abin banza ne. A yawancin lokuta ƙiyasin ƙwaƙwalwa daidai ne, da shi ake tsallaka titi, da shi uwa ke gane kukan ɗanta a cikin yara goma. Kuskuren ya fi zuwa ne a yanayi sanannu: ƙarancin haske, gaggawa, nisa, tsoro ko fushi, da kuma lokacin da mutum ke matuƙar son abu ya tabbata. Kuma ƙarfin yaƙinin da mutum ke ji ba ya nuna ko ya yi daidai.

Masana na ba da shawarar mutum ya raba abin da ya gani da fassarar da ya yi masa. "Na ga ya sa hannu a aljihunka" daban yake da "na ga ɓarawo". Wanda ya shaida hatsari ko laifi ya rubuta ko ya naɗi abin da ya gani nan take, kafin ya ji na wasu. Mai bincike ya tambayi shaidu ɗaya bayan ɗaya, da tambayar da ba ta ɗauke da amsa a cikinta. Wanda aka turo wa bidiyo ya tambayi kansa ko zai fahimce shi haka da babu rubutun da ke samansa. Inda kuma akwai awo, kamar gwajin jini ko hoton kyamara, a nemi awon.

Idan kuwa aka ji ihun "ɓarawo" a kasuwa ko tasha, yawancin masu ɗaukar dutse ba su ga komai ba, ihun suka ji. Wanda ya fara ihun ma yana iya kasancewa ya ga abin da tsoronsa ya nuna masa ne. Miƙa wanda ake zargi ga hukuma na ba da damar gyara kuskure idan an yi shi, damar da Ronald Cotton ya samu bayan shekara goma, Amadou Diallo da mafarautan Uromi kuwa ba su samu ba.